Jinjina ga Injin da Ba Ya Kai Mutum Ko'ina

Duk wanda ya ce ba a ci gaba a ƙasar nan, bai leƙa falon ma'aikacin birni ba. Ku je Kubwa ko Gwarinpa a Abuja, ku zo Kabuga ko Zoo Road a Kano, ku hau benen da ake haya ciki da falo, ku yi sallama. Tsakanin kujera mai cin mutum uku da firji za ku ga wani baƙin ƙarfe a tsaye, da hannuwa biyu da allo mai lambobi. Wannan shi ne injin gudu, ko kuma ƙanensa keken motsa jiki. In ba ku gane shi nan take ba kada ku ji kunya. Ku ɗaga tawul ɗin da ke kansa, ku janye babbar rigar Juma'ar da ta wuce, za ku same shi lafiya lau, sabo fil yadda aka sauke shi. Ni dai ban ga abin da ya cancanci yabo a zamanin nan kamarsa ba. Yau zan biya shi haƙƙinsa, in kuma taimaka wa mai ƙaramin ɗaki da ƙaramin aljihu ya zaɓi nasa.

Mu fara da babbar matsalar da ya zo ya warware. Likita ya auna Alhaji, ya ga jini ya hau, suga ya fara leƙe, tumbi kuma yana riga mai shi shiga ɗaki. Ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce ke nan: baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, wato tafiya da ɗan sauri ta rabin awa sau biyar. To amma likita bai san unguwa ba. Mutum mai mota, mai muƙami, a gan shi da hantsi yana tafe a sayyadarsa a bakin titi? Kafin ya sha kwana mota uku sun tsaya: "Ranka ya daɗe, lafiya dai? Motar ce ta samu matsala?" Kafin la'asar labari ya kai gidan surukai cewa karayar arziki ta samu Alhaji. A wurinmu tafiyar ƙafa shaidar babu ce. Sai Allah Ya kawo masu hikima suka gano cewa laifin tafiya ɗaya ne tak: kyauta ce. Da aka sa mata farashi, aka ɗaura mata waya aka jona a bango, aka kuma raba ta da zuwa wani wuri, nan take ta zama wayewa. Yanzu Alhaji yana iya yin kilomita uku ba tare da ya zubar da girmansa ba, domin ƙofa a rufe take, kuma da kuɗinsa ya saya.

Abin yabo na biyu, injin nan ɗan asali ne, ba shigege ba. Kakansa a gidan yari ya yi suna. A 1818 wani injiniyan Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera wani ƙaton gangan katako mai matakala a jikinsa, domin a hora fursunoni. Sai a jera su, kowa ya riƙe sanda, su yi ta taka matakalar tana juyawa, awanni a kullum, suna hawan benen da ba shi da ƙarshe. A wasu kurkukun juyin yana niƙa hatsi ko ya jawo ruwa, a wasu kuwa ba ya niƙa komai, wahalar ce kawai ake so. Mutane suka yi ta galabaita, har Turawan da kansu suka ga abin ya yi muni, dokar gidajen yari ta 1898 ta kai ga daina shi. Ku duba rashin dabara irin na mutanen da! Sun riƙe haja mai tsada a hannu suna rabar da ita kyauta ga ɓarayi. Sai da aka yi shekaru kafin a gyara kuskuren. A 1963 wani likitan zuciya a Amurka, Robert Bruce, ya fitar da tsarin gwada ƙarfin zuciyar majiyyaci a kan injin tafiya. A 1968 wani likitan sojan sama, Kenneth Cooper, ya wallafa littafin da ya sa Amurkawa suka rungumi guje-guje. A daidai wannan lokaci wani injiniya, William Staub, ya ƙera irin wanda za a ajiye a gida. Abin da alƙali yake yanke wa mai laifi, yau mai gaskiya ke cin bashi ya saya, kuma ba gandiroba a kansa. Rashin gandiroban nan shi ne gyara mafi muhimmanci da zamani ya yi wa injin, domin shi ya sa ake iya hawansa sau biyu a bar shi har abada ba wanda ya ce uffan.

To, mu zo kan zaɓi. Abu na farko shi ne fili. Ɗakin haya na yau da kullum ƙafa goma sha biyu ne kowane gefe, ƙasa da mita huɗu ke nan. Cikakken injin gudu yana kusan mita biyu a tsawo, masu ƙera shi kuma suna gargaɗi a bar wani fili kamar mita biyu a bayansa, don in bel ya kwashe mutum kada ya maka shi da bango. Lissafi ya nuna ɗakin ya ishi injin da ƙyar, muddin gado da mai gadon za su koma falo. Wanda bai shirya wannan hijira ba, an yi masa tanadin ƙaramin nan mai naɗewa, wanda ba shi da hannuwa, shimfiɗa ce kawai ta tafiya. Mai talla zai ce maka in ka gama sai ka tura shi ƙarƙashin gado. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ce falalarsa mafi girma. Babban injin yana tsaye a falo yana kallonka, duk wucewa sai zuciyarka ta ɗan sosu. Shi kuwa wannan mai kunya ne. Da zarar ya shige tsakanin akwatunan lefe da buhun kayan sanyi, ba zai sake tayar maka da hankali ba. Nauyinsa ya kai na rabin buhun siminti, saboda haka jawo shi ma sai an shirya, kuma kowa ya san gobe ta fi yau dacewa da shiri.

Na taɓa tsayawa a wani shagon kayan wasanni ina kallon yadda ake wannan ciniki mai albarka. Wani bawan Allah ya shigo da farar shadda, makullin mota a hannu, ya bar motar daidai bakin ƙofa ya tare hanya, don kada ya yi taku ashirin daga wurin ajiye motoci. Yaron shago ya tarye shi da fara'a.

"Yallaɓai, wanne za a ba ka? Akwai na Caina, akwai ɗan Beljiyam, na hannu amma garau."

"Wanda ba ya cin wuri nake so, kuma mai sauƙin kuɗi. Amma fa ya zama yana rage tumbi da wuri."

"Ai wannan, ranka ya daɗe, har bugun zuciya yana ƙirgawa. Ga wurin ajiye waya, ga wurin kofi."

Wurin kofin ne ya gama cinikin. Alhaji ya cire takalmi ya hau da safa, ya yi taku shida, ya duba allo ya ga lamba tana motsi, ya sauko yana murmushi irin na wanda ya riga ya rame. Aka tura kuɗi ta waya, adadin da ya ninka mafi ƙarancin albashin ma'aikaci, naira 70,000, sau da dama. Sai aka kira 'yan dako biyu. Su ne za su ɗora kwalin a mota, su ne za su hau da shi hawa na uku a kafaɗa, gumi na zuba. Ka ga tun kafin a ɓare leda injin ya fara aikinsa na inganta lafiyar al'umma, sai dai ba ta mai shi ba.

Abu na biyu da mai saye zai duba shi ne wuta. A nan injin gudu ya nuna kishin ƙasa, domin ya ɗaura lafiyar zuciyar mutum a kan abin da ya fi komai tabbas a Najeriya. Mai ƙarfin doki biyu yana iya jan wat 1,500 in ya ɗau nauyi, ƙaramin janaretan nan na masu haya kuwa ko dubu bai cika ba. Dole a sayi babba. Fetur ɗin da za a zuba masa, wanda bai kai naira 200 lita ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ya haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda Allah Ya sa yake layin da ake kira Band A, an yi masa alkawarin wuta awa 20 a rana, a watan Afrilun 2024 kuma aka mai da kuɗin kowace yunit naira 225 daga wajen 68. Duk da haka kada a karaya, akwai riba a ɓoye. Sauka ƙasa da jarka, hawowa da ita cike, sunkuyawa a ja igiyar janareta sau goma sha biyar kafin ya tashi, wannan kaɗai ya wadatar da hannu da baya da numfashi. Kafin injin gudu ya samu wuta mai shi ya riga ya jiƙe sharkaf, ya cancanci hutu. In kuwa da wutar NEPA aka hau, akwai wani darasi na musamman: ana tsakiyar gudu a ɗauke, bel ya tsaya cak, mutum ya ci gaba shi kaɗai ya rungumi allo. Ba kowane wurin horo ne ke koyar da wannan ba.

Na uku, zumunci. Mutanen birni sun daɗe suna kukan cewa maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Injin gudu ya magance wannan. Ka hau shi bayan asuba a hawa na biyu, cikin minti biyar na ƙasa da kai zai ƙwanƙwasa ƙofa, mutumin da kuka shekara ba ku gaisa ba: "Malam, don Allah daka ake yi a sama? Yara ba su tashi ba." Washegari sai mai gidan haya ya bugo waya yana tambayar lafiyar dakin. A mako guda ka san kowa, kowa ya san ka.

Wanda ke gudun duk wannan sai ya koma ga keken motsa jiki. Ba ya shan wuta, ba ya ƙara, wurin da yake ci bai wuce na dardumar salla ba. Ubanninmu sun hau Raleigh da Phoenix sun je gona, sun kai buhu kasuwa, sun ɗauko malamin asibiti cikin dare. Keken nasu yana da aibu babba: yana isa wuri, in ya isa kuma sai aiki ya samu. Na ɗan zamani an tsarkake shi daga wannan. Ka yi awa guda kana murzawa ka sauka a inda ka hau, gaban talabijin, kusa da faranti. Sirdinsa kuma an ƙera shi da hikima yadda bayan kwana uku zama ma sai da dabara, don kada mutum ya zarce ya wahalar da kansa. Hannuwansa biyu kuwa, ban taɓa ganin abin da ya dace da rataye hula da carbi kamarsu ba.

Akwai kuma na masu tsantsar imani: ɗamarar da ake ɗaurawa a ciki tana karkarwa, wai tana narkar da teɓa mutum na kwance yana kallon fim. Ita ce ƙarshen ƙanƙanta da araha, a aljihun jaka ma tana shiga. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ba ta da wannan imani. A 2002 ta kai masu tallar irin waɗannan ɗamaru uku kotu kan alkawarin ƙarya, a 2012 kuma kamfanin Skechers ya yarda ya biya dala miliyan 40 kan tallar takalmin da aka ce sa shi kawai yana rage ƙiba. Mu a nan, alhamdu lillahi, ba mu da irin wannan baƙin ciki ga ɗan kasuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada wani ya ɗauka cewa mu kaɗai muka iya girmama injin ta hanyar ƙyale shi ya huta. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi diddigin dubban masu rajista a gidajen motsa jiki uku a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2006. Masu biyan sama da dala 70 a wata ba su fi zuwa sau huɗu da ɗan ɗoriya ba, kowane zuwa ya tashi musu sama da dala 17, alhali da sun sayi tikiti, dala 10 za su biya. Ashe ba motsa jiki suke saye ba, kwanciyar hankali suke saye, ta cewa sun ɗauki mataki. Kamfanin Peloton ya ga wannan kasuwa da idonsa. Lokacin kullen korona a 2020 Amurkawa suka yi rububin kekensa mai allo na sama da dala 2,000, darajar kamfanin ta kusa dala biliyan 50. Da aka buɗe ƙofofi kasuwa ta faɗi, a watan Fabrairun 2022 ya sallami ma'aikata 2,800. Kafin nan, a watan Mayun 2021, ya janye wani injin gudunsa daga kasuwa bayan ya ja wani yaro ƙarƙashinsa ya mutu, wasu da dama suka ji rauni. Wannan kam ba abin wasa ba ne, kuma mai ciki da falo da 'ya'ya huɗu ya kamata ya ji shi da kyau, domin a gidansa yara ne kaɗai ke hawan injin kullum ba fashi.

Yadda injin ke ritaya kuwa abin sha'awa ne, a hankali, ba rigima. Makon farko ana hawansa da sabon kambas, a ɗauki hoton allo a sa a WhatsApp. Mako na biyu aka yi baƙi. Na uku mura. Ranar wata Asabar ruwan sama ya hana shanya a waje, uwargida ta ce, "Baban Ummi, bari in ɗan rataye hijabin nan a jikin abinka, kafin ka tashi hawa ya bushe." Ya ce ba komai. Daga hijabi sai zanen gado, daga zanen gado sai jakar makarantar yara, a kan bel ɗin kuma a jera takalma. Shi ko injin ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Bayan shekara sai ka gan shi a Facebook: "Na sayarwa, sau biyu kacal aka hau." A duk tallace-tallacen da ake yi a intanet, wannan ce kaɗai nake gaskatawa ba tare da rantsuwa ba. Wani mai tumbin ya saya da ragi, ya kira 'yan dako, alheri ya ci gaba da zagayawa.

Adalci ya sa in ambaci maƙiyan injin, don mai karatu ya yi hattara da su. Ta farko igiyar tsalle ce. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba, tana shiga aljihu, ba ta san NEPA ba, 'yan damben zamani da ita suke gina numfashi. Illarta ita ce baƙo ba zai gan ta ya san ka kashe kuɗi ba, kuma araha ba ta ado. Ta biyu matakalar benen da kake haya, wadda ka riga ka biya kuɗinta cikin kuɗin shekara. A 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya wallafa bincike kan ma'aikatan bas mai hawa biyu a Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala yana karɓar kuɗi. Ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi yi musu kisan farat ɗaya. Binciken nan na cikin na farko da suka tabbatar da cewa motsi yana kare zuciya, kuma ba inji ko ɗaya a ciki, sai matakala. Amma wa zai so a haɗa shi da kwandasta? Na uku masallacin unguwa, wanda tafiya zuwa gare shi sau biyar a rana za ta cike mintocin likita, ga kuma ladan taku da malamai ke faɗa. Alhaji ya fi son ya je da mota, don ya dawo da wuri ya samu lokacin motsa jiki.

Babban maƙiyi kuwa shi ne mai ga-ruwa. Yana tura kura da jarka goma sha biyu daga rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gida, ya ɗauki biyu-biyu ya hau da su hawa na uku, don Alhaji ya samu na wanka bayan ya yi minti goma a kan bel. Ba teɓa a jikinsa, ba allo, ba kambas. Bai san adadin takunsa ba, wanda ke nuna cewa duk wahalar banza yake yi, domin a zamanin nan takun da agogon hannu bai ƙirga ba bai shiga lissafi ba. Ita kanta lambar nan ta taku 10,000 da ake bauta wa, daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta fito, wadda kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Haka kakanninmu mata suka yi ta daka da surfe da jan guga har tsufa ba wanda ya ba su lamba. Mun raba jikokinsu da turmi, madalla, ba mai son a koma. Sai dai ba mu ba su komai a madadinsa ba. Matar da ta fito da safe ta zaga unguwa da sauri, kafin ta dawo an yi mata fassara goma. Saboda haka a saya mata inji a kulle ta da shi a ɗaki, mutunci ya tsira, in ya so suga ya yi abin da zai yi.

A nan ne ya kamata hukumomi su shigo layin masu godiya, domin ba wanda injin nan ya rufa wa asiri kamarsu. An shimfiɗa tituna da gadojin sama ba a bar wa mai ƙafa ko taku biyu a gefe ba. Inda aka bari, 'yan tebur da masu ajiye mota sun gaje. Kwata a buɗe, fitilar titi a mace, filin ƙwallon unguwa an yanka shi fuloti, makarantar firamare an zagaye ta da shaguna. Mai son tafiya a Kano sai ya yi kokawa da Adaidaita Sahu, ko ya nemi Dutsen Dala ya hau. Na Abuja sai ya tuƙa mota zuwa bakin tafkin Jabi ranar Asabar, ya yi tafiyar, ya tuƙo ya dawo. Da ba don injin gudu ba, da wata rana masu faɗa a ji sun gaji sun tambayi inda hanyar masu ƙafa ta shiga. Yanzu kowannensu ya sayi titinsa na mita ɗaya da rabi ya kai ɗaka, ba ruwansa da na waje.

Shawarata ga gwamnoni ita ce kada su ɓata kuɗi kan gefen titi da wuraren shaƙatawa da bishiyoyi. A ware kaso a kasafin baɗi, a ba da kwangilar injin gudu mai naɗewa, a raba gida-gida a matsayin tallafi, da hoton mai girma gwamna a jikin allo. Talaka zai sayar da nasa ya sayi masara, ya koma gida a ƙafa, lafiyarsa ta ƙaru. Mai hali zai tura nasa ƙarƙashin gado, ya ci gaba da ziyartar likita a kan kari, asibitocin kuɗi su samu ciniki. Ɗan kwangila ya samu, ɗan dako ya samu, mai sayar da maganin hawan jini ya samu. Ban san wani shiri na gwamnati da ya taɓa amfanar mutane da yawa haka ba. Allah Ya ƙara kasuwa.